Gaskiya ta Shida

Laraba, 3 ga wata, biyar da rabi na yamma

Na sayi littafin nan ne don in riƙa rubuta tambayoyin da zan yi wa likita, ga shi tun a shafin farko na fara ɓata shi da surutu. Ba laifi. An hana ni faɗa wa mutum, amma ba wanda ya ambaci takarda.

Yau mun ɗauki shirinmu na rediyo kamar kowace Laraba. Shekara tara ke nan ina zama a bayan gilashin ɗakin ɗaukar murya da kati biyu a gabana, kore da ja. Tsinto Gaskiya sunan shirin. Mutum huɗu ne a teburi: Yaya, wato yayana, da Lauya, da Malama, da Direba. Kowa a ba shi batu, ya rubuto jawabin minti huɗu wanda duk ƙarya ce, sai gaskiya biyar da zai cusa a ciki ta yadda ba za a gane ba. Sauran ukun kowa da ƙararrawa a gabansa, wanda ya ji abin da ya yi masa kama da gaskiya sai ya buga. Daga nan Alƙali, wato mai gabatar da shirin, ya ɗago kai ya dube ni. In na ɗaga kore an ci maki, in na ɗaga ja an yi asara, 'yan kallo su yi ta dariya. Kafin ranar ɗauka kowa yana kawo mini takardarsa in ja layi ƙarƙashin gaskiyarsa biyar, kuma ba na amincewa da ko ɗaya sai na gan ta a littafi biyu da ba su kwafi juna ba. Shi ya sa duk tashar Jan Biro suke kirana, har mai gadi.

Yaya ne gwanin teburin, kowa ya sani, shi ma ya sani. Yau raƙumi aka ba shi. Ya ce raƙuma suna da ƙungiya, bara ma sun yi yajin aiki kan nauyin kaya, sai ga Lauya ya buga ƙararrawa, wai ya taɓa jin labarin. Mutumin da ya yi shekara talatin a kotu fa. Bai gama jin kunya ba Yaya ya wuce da cewa tozon raƙumi kitse ne ba ruwa ba, ba wanda ya motsa. Ya rufe da tsohuwarsa kamar yadda ya saba, wai ta taɓa yin tsere da raƙumi ta ba shi ratar zango guda. Ba ya jawabi bai saka Inna a ciki ba. Ta kama kada da hannu, ta koya wa matuƙin jirgi tuƙi, ba abin da ba ta yi ba a bakin Yaya.

Ya yi tari sau tara a cikin minti huɗun. Na ƙirga da ɗigo a gefen takarda. Da aka watse na tsaya wajen Injiniya, mai tace sautin kafin a saka shi ranar Asabar, na ce ya cire su duka. Ya ce ai dama yana cirewa. Na ce duka nake nufi, har ƙananan.

Alhamis, 4 ga wata, bakwai na safe

Gara in rubuta na shekaranjiya, tunda shi nake ta kewayewa.

Ni na raka Yaya asibiti karɓo sakamakon gwajinsa. Matarsa tana wajen aiki, shi kuma ya ce ba wani abu ba ne, mu biya kawai a kan hanya. Likitan ya manna hoton ƙirjin a jikin fitila, ya nuna wani wuri a gefen hagu da bayan biro, ya faɗi sunan abin. Ba zan rubuta sunan ba. Ya ce aiki za a yi ranar Litinin 29 ga wata, kuma kada a wuce haka. Yaya ya tambaye shi ko bayan aikin zai iya ci gaba da ƙarya, don da ita yake cin abinci. Likitan ya yi dariya, ni kuwa na ji kamar in kwaɗa wa Yaya mari.

A mota bai tayar da injin ba. Ya riƙe sitiyari ya ce, "Auta, Inna ba za ta ji ba. Rantse."

Na ce ba zan rantse ba. Ya kawo hawan jininta, ya kawo faɗuwar da ta yi bara a bakin famfo, ya ce za a ce mata tashar ce ta tura shi kwas na wata guda, in ya warke sai a ba ta labari ana dariya. Na ce in kuma bai… ban ƙarasa ba. Ya ce to kin gani, ke ma ba ki iya faɗa ba. Na rantse.

Abin da ke ci mini rai shi ne mu biyun mun san yadda aka yi da Baba. Kawunanmu suka ce wa Inna mura ce ta kwantar da shi, ta zauna a gida tana wanke masa kaya, aka shiga da shi ɗakin tiyata ba ta sani ba, bai fito ba. Shekara ashirin da biyu ke nan. Tana gaisawa da su, tana kawo musu ruwa, amma ba ta taɓa zama har su gama sha ba. Ta ce mutuwa ta Allah ce, hana ta sallama da mijinta kuwa mutane ne suka yi. Yanzu ga ni a kujerar kawu.

Asabar, 6 ga wata, biyar na yamma

Ƙarfe huɗu ake saka shirin. Tun uku da rabi Inna take share falo kamar baƙi za su zo, ta ɗora rediyon a kan ɗan teburin nan da muke tokare wa ƙafa da kwali, ta haɗa shayi a kofinta na gilashi. Cokalin shayin shi ne ƙararrawarta. In ta ji gaskiya sai ta ƙwanƙwasa kofin, ta juyo ta dube ni, ni kuma in ɗaure fuska har Alƙali ya yanke hukunci.

Lauya yana kayar da ita, Malama ma haka, Direba kuwa ita da shi sai dai sa'a. Amma shekara tara Yaya bai taɓa wucewa da gaskiya ko ɗaya ta gabanta ba, ita kuma ba ta taɓa buga wa ƙaryarsa kofi ba. Ba ta taɓa buɗe littafi ɗaya a kan raƙumi ba balle biyu, amma biyar ɗin nan ta ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo tseren ta ce, "Allah ya shirye ka, Babba," tana goge hawayen dariya da bakin zani. Babba take kiran Yaya.

Injiniya ya yi aiki mai kyau. Ko tari ɗaya ban ji ba. Na bar shayina ya huce.

Lahadi, 7 ga wata, bayan la'asar

Yaya ya zo da alawar tari cike da aljihu, ya zauna minti ashirin, ya ce ana jiransa. Ba mai jiransa.

Talata, 9 ga wata, sha biyu na rana

Na yi faɗa da Lauya a kan dodon koɗi. Ya rubuta adadin haƙoransa har da 'yan ɗai-ɗai, na ce ina littafin, ya nuna mini waya, wai ita ma ai littafi ce mai haske. Ban san lokacin da na fara ɗaga murya ba. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce Jan Biro, lafiya, haƙoran dodon koɗi ba su kai a yi musu kuka ba. Sai a lokacin na san kuka nake yi. Na ce ƙurar littattafai ce.

Na ja masa layin. Gaskiyarsa gaskiya ce, dubbai ne, adadin kawai na soke.

Laraba, 10 ga wata, shida na yamma

Tari sha huɗu yau.

Na zauna kusa da Injiniya yana aikin. Muryar mutum a fuskar kwamfuta kamar ciyawa take fitowa, siri-siri a jere, tari kuwa dunƙule ne, da gani ka gane shi. Sai ya shata shi, ya danna, ya ɓace, ya jawo bakin nan ya haɗa da wancan. Yanzu ko ba tari, duk jan numfashin Yaya da ƙara yake zuwa, kamar ana jan kujera a siminti. Na ce ya cire wannan ma. Ya dakata da hannunsa a sama, bai tambaye ni komai ba. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya yi tambayar da ba ta aiki ba. Ya cire.

Yau ma ban faɗa ba.

Asabar, 13 ga wata, biyar da kwata

Biyar cikin biyar, kamar kullum. Amma da aka gama Inna ba ta kashe rediyon ba, ta bar shi yana ta tallan sabulu, tana juya cokali a kofin da ba komai a ciki.

Ta ce, "Auta, me ya sa yayanki ba ya numfashi?"

Na ce kamar yaya. Ta ce in Lauya yana karatu tana jin yana shaƙar iska, Malama ma haka, Direba har hancinsa yana busa usur, amma Babba ya yi magana tun daga farko har ƙarshe bai ja numfashi ko sau ɗaya ba, kamar famfon da aka manta a buɗe. Ta ce ɗan Adam ba ya magana haka.

Na ce sabuwar na'ura aka kawo. Ta ce to su mayar da tsohuwar.

Mun wuce gona da iri. Ni da Injiniya, da duk iyawarmu, ba wanda ya tuna cewa mai lafiya ma yana numfashi.

Litinin, 15 ga wata, biyu na rana

Na sami Yaya a kantin tashar yana gutsuttsura burodi ba ya ci. Na gaya masa abin da Inna ta ce. Ya yi dariya har ta koma tari, tarin ya daɗe, mai kantin ta kawo ruwa ba a tambaye ta ba.

Na ce ya sake ni daga rantsuwar nan. Ya ce ya gwada faɗa da kansa, jiya ma ya buɗe baki, sai ta tambaye shi ko a ƙara sukari, ya ce a ƙara. Ya ce a gaban makirufo ba abin da ba zai iya faɗa ba, amma a gaban Inna harshensa sandarewa yake. Tun yana yaro in ya fasa abu labari yake ƙirƙirowa, ba don tsoron duka ba, don ba ya iya kallon yadda fuskarta take saukowa. Na ce shekararka arba'in da bakwai fa. Ya ce fuskar ba ta canza ba.

Na ce masa matsoraci. Ban taɓa faɗa masa haka ba tun da muka tashi. Ya ce in ja jan layi a ƙarƙashin wannan, ba sai na nemi littafi biyu ba.

Ina son Yaya, kuma yau haushinsa nake ji har a haƙorana. Na dawo ofis na zauna da takardar Malama awa guda ban karanta layi ɗaya ba.

Laraba, 17 ga wata, shida da rabi

Sha bakwai. Na ce wa Injiniya ya cire tarin, ya bar numfashin, amma ya rage masa ƙara. Awa biyu muka yi muna auna yawan numfashin da ya dace da mai lafiya.

Yau ma ban faɗa ba.

Alhamis, 18 ga wata, bakwai da rabi na safe

Zancen kwas ɗin ni Yaya ya tura in kai wa Inna, don ya san yana buɗe baki za ta gane. Na faɗa mata jiya da yamma ina wanke kwanuka, na juya mata baya, na ƙara buɗe famfo. Ta tambayi ko wata guda cur, na ce e. Ta tambayi ko garin akwai sanyi. Na ce ana faɗa.

Yau na tashi na tarar ta ciro rigar sanyin Baba daga ƙasan akwati, ruwan tokan nan, ta jiƙa ta a bokiti. Ta ce maɓalli ɗaya ya cire amma za ta ɗinka, Babba ba ya jin magana, ba zai sayi tasa ba. Na tsaya ina kallonta tana wanke rigar a tsugune. Haka aka ba ni labarin ranar Baba, sai dai a lokacin ni ba ni da hannu a ciki.

Ban karya ba na fito.

Asabar, 20 ga wata, biyar na yamma

Biyar cikin biyar. Na daɗe ina son tambayar Inna, yau na tambaya: yaya take gane gaskiyar Yaya?

Ta yi ta ja mini rai, wai sirrin sana'a ne, kada in kai wa Lauya. Daga baya ta ce in Babba zai yi ƙarya daɗi yake ji, yana tafiya a hankali, yana lasar kowace kalma. In kuwa ya zo kan gaskiya sai ya yi sauri ya wuce ta, kamar mai wuce ƙofar gidan da ke da kare. Ta ce haka yake tun bai iya ɗaura wando ba.

Na ce ni fa. Ta ce, "Ke ban taɓa wahalar koyon taki ba, ai ba kya yi."

Na tashi na ce zan duba wanki a igiya. Rigar ta bushe tun shekaranjiya, har ta ɗinka maɓallin.

Litinin, 22 ga wata, sha ɗaya na safe

Yaya ya kawo takardarsa ta wannan makon, wadda ita ce ta ƙarshe kafin ranar. Takalmi aka ba shi, amma ya je ya lallaɓa Alƙali aka canza masa. Numfashi ya zaɓa. Na dube shi, ya dubi silin.

Na bi gaskiyar biyar. Huhun hagu ya fi na dama ƙanƙanta don ya bar wa zuciya wuri. Doki ba ya numfashi ta baki. Akwai kunkurun ruwa da ke iya samun iska ta bayansa in ya daɗe a ƙarƙashin ruwa. Mutum yana numfashi kusan sau dubu ashirin a kwana ɗaya. Mutum yana iya rayuwa da huhu ɗaya. Ta ƙarshen nan ba littafi biyu na duba ba, biyar na duba, kuma na karanta har abin da ba a tambaye ni ba.

Jawabin bai kai ba, minti uku da rabi ne, kuma babu tsohuwarsa a ciki. Na ce sauran fa? Ya ce zai cika da baki. Doka ta hana, ni ce ma na kafa dokar. Na sa hannu na miƙa masa.

Laraba, 24 ga wata, biyar na yamma

Zan rubuta abin da ya faru yau tun ban fara gyara shi a kaina ba.

Yaya ya yi kyau yau. Ya ce mutanen da sau biyu a mako suke numfashi, don ba su da son jiki irin namu. Ya ce kifi tun daga haihuwa yake riƙe da numfashinsa saboda girman kai. Ya ce minshari ƙara ce huhu yake kaiwa wajen maƙwabta. Direba ya kama huhun hagu, Malama ta kama dokin, kunkurun kuwa ba wanda ya yarda da shi sai dariya. Da ya zo kan huhu ɗaya Lauya ya buga, Alƙali ya dube ni, na ɗaga kore. Sai Yaya ya kifa takardar a teburi.

Ya ce, "Ni ma ranar Litinin likita zai karɓi nawa na hagu, ya ce na cinye shi da ƙarya. Ban gaya wa tsohuwata ba, na aika aka ce mata kwas zan tafi, don ban iya kallon fuskarta ba. Inna, ki yi haƙuri."

Da gudu ya faɗa, a numfashi ɗaya.

Ɗakin ya kece da dariya. Direba ya ce in za a yar a ba shi, nasa ya tsufa. Malama ta kai hannu kan ƙararrawa, ta ɗan tsaya, sai ta janye ta ce a'a, duk inda Yaya ya ambaci tsohuwarsa rami ne, ta faɗa sau uku ba za ta ƙara ba. Aka sake dariya har da tafi. Mutum uku masu wayo, aikinsu ke nan duk mako, aka miƙa musu gaskiya a tafin hannu suka ture ta. Ban ga laifinsu ba, shi ya koya musu haka shekara tara.

Hannuna yana kan koren katin. Amma ba a ɗaga kati sai an buga ƙararrawa, kuma Alƙali bai ko waiwayo ba. A takardarsa gaskiya biyar ce.

Na tare Yaya a baranda, yana jingine da bango yana mayar da numfashi. Na ce mene ne wannan. Ya ce, "Iyakar abin da na iya ke nan, Auta. Almakashin yana hannunki, in kin ga dama ki yanke."

Wato ya sake ɗora mini. Na bar shi a wajen na tafi.

Alhamis, 25 ga wata, huɗu na yamma

Na yi ta juya zancen a raina. In na bari, ta ji a rediyo tare da duk wanda ya kunna, ana dariya a kai, jininta ya hau, ni na yi. In na yanke, ya shiga ɗakin nan da rigar sanyi a jaka ba sallama, ni na yi. Na rantse ba zan faɗa ba. Ban rantse zan yanke ba.

Injiniya shi kaɗai ne bai yi dariya ba jiya, don shi ne ya cire tari arba'in da hannunsa. Ya shata daƙiƙa ashirin ɗin a fuskar kwamfuta, ya juyo ya ce, "A cire?"

Na ce a bari. Na ce tarin ma a bar shi, duka ashirin da ɗaya, da jan kujerar, da komai. Ya ce Alƙali zai yi magana. Na ce ya ce masa Jan Biro ce ta ce. Ya gyaɗa kai, ya ɗauke hannunsa, ya zuba mini shayi daga filas ɗinsa a murfi.

Juma'a, 26 ga wata, takwas na safe

Na duba maganin hawan jinin Inna sau uku. Yana nan, tana sha.

Asabar, 27 ga wata, bayan magariba

Ta share falo, ta tokare teburin, ta haɗa shayi. Ni ban haɗa ba.

Lauya ne ya fara, ya kayar da ita sau biyu, ta ce masa munafuki. Sai Yaya. Tarin farko ya fito, ta ɗago kai. A na uku ta ajiye kofin a teburi ta matso da kujera. Ba ta yi dariyar kifin ba, ba ta yi ta minsharin ba, amma ba ta daina wasan ba. Huhun hagu, ta ƙwanƙwasa. Doki, ta ƙwanƙwasa. Kunkuru, dubu ashirin, huhu ɗaya. Biyar cikin biyar.

Sai aka ji kifa takarda, sai muryarsa da gudu. Dariyar 'yan kallo ta cika mana falo, Direba yana neman a ba shi. Cokalin yana sama a hannun Inna, ya daɗe a can. Sannan ta sauke shi ta taɓa kofin sau ɗaya, a hankali, ta juyo ta dube ni kamar yadda take yi kowace Asabar. A rediyo Alƙali ya wuce kan lissafin maki. Ta miƙa hannu ta kashe shi, abin da ba ta taɓa yi ba kafin a gama.

Ta ce, "Alƙalinku bai ce komai ba. Ke ce mai tantancewa. Na ci ko na faɗi?"

Shekara tara ban taɓa yanke hukunci da bakina ba, kati nake ɗagawa daga bayan gilashi. Yau ba kati, ba gilashi.

Na ce, "Kin ci, Inna."

Ba ta faɗi ba, ba ta yi kuka ba. Fuskar ce ta sauko, yadda Yaya ya ce, kuma na gane abin da ya sa yake gudun ganinta. Ta tambayi tun yaushe na sani. Na ce tun biyu ga wata. Ta ce shi ne kika juya mini baya kina wanke kwano ɗaya sau uku. Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta tashi ta shige ɗaki.

Na zauna a ƙasa ina tunanin kawunanmu da kofin ruwan da ba a jira su gama sha. Ban san minti nawa ba. Ta fito da mayafi, rigar sanyin a ninke a hannunta. Ta tsaya a kaina ta ce wa ya bar tarin yau. Na ce ni ce. Ta ce wa ya cire na baya. Na ce ni ce.

Ta ce, "To." Ta miƙo mini rigar. "Riƙe. Asibiti ma akwai sanyi. Tashi ki tsayar mana da mota."

A gidan Yaya ta ja shi ɗaki ta rufe ƙofa. Ni da matarsa muka zauna a kicin muna tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa. Awa guda suka yi. Ban san abin da suka ce ba, kuma ba zan tambaya ba. Na ji tari da yawa, na ji dariya sau ɗaya, kuma ta Inna ce.

Litinin, 29 ga wata, tara da rabi na safe

Muna zaune a benci a ƙofar ɗakin tiyata, ni da Inna da matar Yaya. Ina rubutu a kan gwiwata.

Tun bakwai muka zo. An hana shi ci da sha, amma Inna ta zo da filas da kofinta na gilashi a naɗe cikin tsumma, don ba ta shan shayi a kofin kowa. Ta zauna a bakin gadon tana juya sukari. An sa masa rigar asibiti, ta baza masa ta Baba a kafaɗa. Ta yi masa addu'a doguwa, ta ce ta yafe masa duniya da lahira, har tseren raƙumin.

Da masu tura gadon suka shigo, Yaya ya kama hannunta. Ya yi murmushi, ya yi magana a hankali, yana lasar kowace kalma.

"Inna, ko kaɗan ba na jin tsoro."

Ni ma na gane, balle ita. Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ɗaga cokalin ta ƙwanƙwasa kofin.

Su biyun suka juyo suka dube ni. Ban duba littafi ko ɗaya ba. Na ce kore.

Sun shiga da shi tara da minti goma. Rigar tana kan cinyar Inna, tana ta shafa maɓallin da ta ɗinka.